Idan Injin Jirgin Feshi Ya Mutu a Sama: Abin da Kowane Ƙauye Ya Kamata Ya Sani

A duk shekarar da tsuntsayen jan-baki suka yi yawa, ko fara ta sauko daga hamada, kukan da ake kai wa hukuma ɗaya ne: a turo jirgi. Ba laifi ba ne. Jan-baki guda yana iya cin hatsi kimanin giram 10 a rana, wato garke mai tsuntsu miliyan 2 yana iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Yara masu kaɗa gwangwani a bakin gona ba za su iya da wannan ba. Shi ya sa gwamnati takan tura jiragen feshi jihohi irin su Borno, Yobe, Jigawa, Sakkwato, Kebbi da Zamfara. Haka kuma a lokacin babbar farar 2003 zuwa 2005, wadda ta taɓa Nijar, Mali, Muritaniya da Senegal, an fesa magani a kan kadada kusan miliyan 13, kuma jirage sun yi babban rabo na wannan aiki.

Idan jirgin ya zo, kowa murna yake yi. Yara su bi shi da gudu, manya su fito bakin gona su yi kallo. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, wannan jirgi inji ɗaya gare shi, kuma inji yana mutuwa. A wannan fitowa muna so mu bayyana abin da ke kashe injin, abin da matuƙi ke yi idan hakan ta faru, da kuma abin da ya rage a hannunmu mu da ke ƙasa.

Wane irin jirgi ne wannan?

An fara feshi da jirgin sama a Amurka a shekarar 1921, kusa da garin Troy a jihar Ohayo, inda wani matuƙin soja mai suna John Macready ya watsa garin magani a kan itatuwan da tsutsa ta kama. Da farko tsofaffin jiragen soja ake gyarawa. Daga baya aka fara ƙera jirage musamman domin gona, irin su Piper Pawnee, Ag Cat, Thrush da Air Tractor.

Yawancinsu kujera ɗaya gare su, inji ɗaya, farfela ɗaya a gaba. Tankin magani yana tsakanin inji da matuƙi. Ƙaramin Pawnee yana ɗaukar lita kusan 570. Babban Air Tractor, wanda ake kira AT-802, yana ɗaukar lita kusan 3,000, kuma kayan da yake tashi da su suna iya fin nauyin jirgin kansa idan babu komai a cikinsa. Ku kwatanta da jakin da aka labta wa kayan da suka fi shi nauyi, aka kuma ce ya yi gudu.

Jirgin fasinja yana tafiya can sama da gajimare. Shi jirgin feshi, idan yana aiki a kan amfanin gona, tsakaninsa da kan shuka bai fi mita 3 ko 4 ba. Idan feshin fara ne yakan ɗaga zuwa mita 5 ko 10. Gudunsa kuwa yakan kai kilomita 200 a awa, wato mita 55 a cikin sakan ɗaya. Filin ƙwallon makarantarku, sakan 2 ya ishe shi ya ƙetare.

Me ya sa mutuwar inji ta fi muni a gare shi?

Mutane da yawa suna zaton idan inji ya mutu, jirgi yana faɗowa ne kamar dutse. Ba haka ba ne. Fukafukansa suna nan, yana iya shawagi yana sauka a hankali kamar yadda shirwa ke yi ba tare da kaɗa fiffike ba. Amma shawagi yana bukatar tsawo. Jirgin da ke can sama yana da mintoci da dama, matuƙi ya yi tunani, ya kira filin jirgi, ya sake gwada tayar da inji. Babban jirgin fasinja ma yana da inji na biyu.

Matuƙin jirgin feshi ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Abin da yake da shi gudu ne kawai. Zai iya ɗaga hancin jirgin ya ɗan hau sama da ragowar gudun, daga nan sai sauka, kuma duk wannan 'yan sakanni ne. Ba shi da damar komawa inda ya tashi. Duk filin da ke gabansa, nan zai sauka.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahoto na musamman a kan jiragen gona a shekarar 2014. Ta duba haɗurra 78 da suka faru a ƙasar a 2013, waɗanda 9 daga cikinsu suka ci rai. Cikin abubuwan da ta nuna akwai gajiyar matuƙa, rashin auna haɗari kafin a tashi, da sakaci wajen gyaran jirgi. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, ko a ƙasar da take da injiniyoyi da kayan gyara a kusa, wannan aiki bai rabu da haɗari ba. Darasi na biyu mai ƙarfafa zuciya ne: a mafi yawan haɗurran matuƙi ya fita da rai. An ƙera ɗakinsa da bututun ƙarfe masu ƙarfi, yana ɗaure da bel a kafaɗa da ƙugu, yana kuma sanye da hular kwano.

Abubuwan da ke kashe inji

Duk mai injin ban ruwa, ko injin niƙa, ko babur, zai gane waɗannan dalilai, domin kusan su ne ke damun nasa injin. Bambancin kawai, shi nasa a ƙasa yake tsayawa.

Na ɗaya, ƙarewar mai. Abin mamaki ne amma yana faruwa. Domin jirgi ya ɗauki magani da yawa, ba kullum ake cika tankin mai ba. Matuƙi yana iya tashi da sauka sau da yawa a yini guda, hankalinsa na kan wayoyin lantarki da itatuwa da iyakar gona. Ga gajiya, ga masu gona suna roƙon a ƙara zagaye ɗaya. A cikin wannan zagaye ɗaya ne man kan ƙare.

Na biyu, ruwa ko datti a cikin mai. A filayen karkara, a cikin durom ake kawo man jirgi. Durom ɗin da aka bari tsaye a waje, ruwan sama yana taruwa a kan murfinsa. Da rana ƙarfen ya yi zafi, da dare ya huce, sai ya riƙa zuƙo ruwan ta bakin murfi kaɗan kaɗan. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasan tanki, inda bututu ke jan mai zuwa inji. Shi ya sa ake kwantar da durom a gefensa ko a rufe shi, kuma za ku ga matuƙi yana tsiyayo mai kaɗan cikin ƙaramin kofi mai garau yana ɗagawa sama yana dubawa kafin ya tashi.

Na uku, man da ba nasa ba. Jiragen feshi iri biyu ne. Masu injin fistin suna shan fetur na musamman na jirgi, wanda aka fi rina shi shuɗi. Masu injin tabain, irin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney, suna shan man jirgi dangin kananzir. Idan aka yi kuskure aka zuba na kananzir a injin fistin, zai iya tashi lafiya, sai jirgi ya bar ƙasa sannan injin ya lalace.

Na huɗu, ƙura da zafi. Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Filin ƙasa marar kwalta yana tayar da ƙura, ta toshe matatar iska, abin da ya wuce kuma ya riƙa cin cikin inji. Zafi kuma yana sa iska ta yi sirara, inji ya rage ƙarfi, fukafukai su rage ɗauka. Jirgin da ya tashi da cikakken kaya da asuba, da azahar zai iya kasa tashi da kayan nan a wannan fili ɗaya.

Na biyar zai ba ku mamaki: ƙanƙara. A injin da ke da kabureta, mai yana zama tururi a cikin maƙogwaronta, wurin ya yi sanyi ƙwarai. Idan iska na da laima, kamar safiyar damina, ƙanƙara tana iya taruwa a ciki ta shaƙe inji, ko da kuwa mu a ƙasa gumi muke yi.

Na shida, tsufa da jinkirin gyara. Ba da shekara kaɗai ake lissafin ran injin jirgi ba, da awoyin da ya yi yana aiki ake yi. Kowane inji yana da adadin awoyin da idan ya cika dole a sauke shi a warware a sabunta. Wasu tsofaffin jiragen gona suna amfani da inji mai silinda 9 a zagaye, wanda aka fara ƙera irinsa tun 1925. Inji ne mai juriya, amma silinda tana tsagewa, bututun mai yana sassautawa. Lokacin feshi gajere ne, kowa yana sauri, kuma a nan jarabar ɗage gyara zuwa gobe take shigowa.

Na bakwai, tsuntsayen kansu. Ana fesa wa jan-baki magani ne da magariba, lokacin da suka taru a makwancinsu cikin kacala ko ƙaya. Haske ya ragu, tsuntsaye dubbai suna tashi gaban jirgi. Suna iya toshe hanyar iskar inji ko wurin da ke sanyaya baƙin mai, ko su rufe gilashin gaba.

Abin da matuƙi ke yi a cikin sakannin nan

Abu na farko, yakan ja hannun zubar da kaya. Akwai ƙofa a ƙarƙashin tankin magani, da ya ja ta buɗe, duk abin da ke ciki ya zube cikin 'yan sakanni. Ba mugunta ba ce. Jirgin da ya rage nauyi ya fi daɗewa a sama, yana iya sauka da ƙaramin gudu, kuma ya fi saurin tsayawa. Amma mu lura da ma'anar wannan: maganin da aka shirya a baje a kan kadada masu yawa ya zube a kan ɗan siririn wuri guda. Maganin da ake yi wa jan-baki, wanda ake kira fentiyon, ba a sirka shi da ruwa, fiye da rabinsa tsantsar guba ce. Yawancin magungunan fara ma haka suke, lita ɗaya ko rabi ake fesa wa kadada guda.

Abu na biyu, yakan nemi fili a gabansa. Yana son wuri mai faɗi, marar itatuwa, marar suri, marar turakun lantarki. Idan gona ce mai kunya, ya fi son ya bi tsawon kunyoyin, domin idan ya yanke su a gicciye tayoyi za su cije jirgin ya kife. Wuraren da idonsa zai fara kaiwa su ne hanyar mota, filin makaranta, fadamar da ta bushe, da gonar da aka girbe.

To a nan ne namu aikin ya shigo. Waɗannan wurare su ne daidai inda muke taruwa mu yi kallo. Matuƙin da ya hangi yara a filin da zai cece shi zai kauce musu, ya nufi itatuwa ko kwari. Kallonmu zai iya zama sanadin ransa, ko namu.

Kafin ranar feshi

Rigakafi ya fi magani. Da zarar malamin gona ko mai unguwa ya kawo labarin ranar feshi, muna roƙon a yi waɗannan:

1. A yi sanarwa a majami'a ranar Lahadi, a zumuntar mata, a makaranta da kasuwa. A kai labarin ga dukan maƙwabta, har da makiyaya da masunta da ke kwana a daji.

2. A faɗa wa ma'aikatan feshi inda wayar lantarki ta ratsa, inda hasumiyar waya take, inda rijiyoyi da tafkin shan dabbobi suke, da inda aka ɗaura amya.

3. A rufe rijiyoyi da randuna. A kwashe hatsi, kuka da kuɓewa da aka shanya a waje.

4. A tsare yara a gida. A janye dabbobi daga wurin feshi, da filin da jirgi ke tashi da sauka.

5. Kada kowa ya tsaya a ƙarshen filin tashi. Lokacin tashi ne jirgi ya fi nauyi, inji kuma ya fi wahala. Idan ya gaza, gaba zai miƙe.

6. Kada a matsa wa matuƙi da roƙon ƙarin zagaye. Idan ya ce iska ta sāke, ko duhu ya yi, ko inji na bukatar dubawa, a bar shi da maganarsa.

Idan jirgi ya sauko a gonarmu

Idan kuka ji ƙarar inji tana yankewa, ko kuka ga hayaƙi, ko magani ya zubo gaba ɗaya kamar an kifar da durom, ku kauce zuwa gefe. Kada ku gudu a gabansa kuna bin hanyar da ya nufa, domin ba za ku tsere masa ba.

Bayan ya tsaya, haɗarin bai ƙare ba. Abu uku ne ke wurin: mai, guba, da mutumin da ke bukatar taimako.

Manya biyu ko uku kawai su je. Sauran su tsare jama'a daga nesa, wani kuma ya kira lambar gaggawa 112 inda take aiki, ya sanar da 'yan sanda, asibiti mafi kusa da ofishin gona na ƙaramar hukuma. Masu zuwa su bi ta inda iska ke fitowa, wato iska tana bugun bayansu, don kada tururin magani ko hayaƙi ya same su. Su rufe hanci da baki, su sa takalmi, su sa safar roba, in babu su sa hannu cikin leda mai kauri. Idan jirgin ya tsinka wayar lantarki, kada kowa ya matso sai an tabbatar an kashe wuta.

Kada a taɓa farfela ko da ta tsaya cik. A injin fistin, juya ta kaɗan na iya sa ta harba. Kada a kawo taba, ashana, fitilar kwai ko babur mai aiki kusa da wurin.

Yawancin waɗannan jirage suna da ƙofa a kowane gefe. Idan matuƙi yana magana, ku saurare shi, ya fi kowa sanin jirginsa. Idan babu wuta kuma yana kukan wuya ko baya, ko ya suma amma yana numfashi, kada a fizge shi, kada a cire masa hular kwano, a jira ma'aikatan lafiya. Idan akwai wuta, ko mai da magani suna zuba a kansa, a kwance bel a fitar da shi, ana tallafe kai da wuya a miƙe.

Game da mai kuwa, muna roƙo da babbar murya: kada kowa ya kawo jarka ko bokiti. Ba mu manta da Jesse a jihar Delta ba, inda wuta ta kashe fiye da mutum 1,000 a wurin kwasar mai a 1998. Ba mu manta da Majiya a jihar Jigawa ba, inda tankar mai ta hallaka fiye da mutum 150 a watan Oktoba na 2024. Man jirgi ma wuta yake ci.

Inda magani ya zube, a kewaye shi da tudun ƙasa ko yashi don kada ya gangara rafi ko rijiya. Kada a kwara masa ruwa, yaɗa shi za a yi. A kafa ƙaya ko sanduna a zagaye, a hana mutane da dabbobi shiga har ma'aikata su zo su kwashe ƙasar. Abin da aka shuka a daidai wurin, ba na ci ba ne, ba na sayarwa ba ne.

Alamomin guba

Irin wannan magani yana shiga ta fata, ba sai an sha ba. Alamominsa su ne ciwon kai, jiri, yawan gumi, dalalar miyau, hawaye, amai, murɗar ciki da zawo, rawar tsoka, ƙwayar ido ta ƙanƙance kamar kan allura, da wahalar numfashi. Fentiyon yana iya jinkiri, mutum ya ga kamar lafiyarsa ƙalau, sai bayan sa'o'i da yawa ya kwanta. Don haka duk wanda maganin ya jiƙa ya je asibiti ko da bai ji komai ba tukuna.

Kafin a kai shi, a tuɓe masa tufafin da suka jiƙe, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, har gashi da ƙarƙashin farce. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15. Kada a ba shi madara ko manja kamar yadda aka saba, domin maiƙo yana taimaka wa wannan guba ta shiga jini. Kada a sa shi amai da ƙarfi. Idan ya suma, a kwantar da shi a gefensa. A tambayi ma'aikatan feshi sunan maganin, a rubuta a takarda a kai wa likita. Akwai allurar da ke karya wannan guba, ana kiranta atirofin, amma ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai yi ta.

Muna ƙara tunawa da abu biyu da suka shafi kowace ranar feshi, ko an yi haɗari ko ba a yi ba. Kada a tsinci matattun tsuntsaye ko fara a wurin da aka fesa don ci ko sayarwa, kada kuma a bar kaji da karnuka su ci. Durom ko jarkar magani kuwa, ko sau nawa aka wanke ta, ba ta zama abin zuba ruwan sha ko hatsi.

A bar tarkacen yadda yake

Ƙarfen jirgi yana da kyau a ido, kuma masu sayen gwangwan ba sa nisa. Amma kowane ƙusa da bututu shaida ne. A Najeriya, Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, wadda ake kira NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken haɗarin jiragen sama a 2022, ita ke da alhakin gano dalilin faɗuwar jirgi. Masu bincike suna duba ko akwai mai a tanki, ko akwai ruwa a matata, da yadda farfela ta lanƙwashe, domin lanƙwasar tana nuna ko inji na aiki lokacin da jirgi ya taɓa ƙasa. Idan an gano cewa ruwa ne a mai, za a duba sauran duromin kafin wani jirgi ya sha daga ciki. Wanda ya ɗauke ƙaramin ƙarfe ya kai gida, wataƙila ya ɗauke amsar da za ta ceci matuƙi na gaba. Wanda ya ga yadda abin ya faru, ko ya ji yadda ƙarar injin ta canza, ya faɗa wa masu bincike daidai abin da ya gani, ba ƙari ba ragi. Mai gonar da ta lalace kuma ya sa mai unguwa da malamin gona su auna ɓarnar su rubuta, domin da wannan takarda zai nemi diyya.

Muna ba da shawara kowace ikilisiya da ke yankin da ake feshi ta zaɓi mutum uku ko huɗu, har da ma'aikacin lafiya idan akwai, su riƙe wannan takarda, su ajiye sabulu, safar roba da lambobin waya a wuri guda da kowa ya sani. A karanta ta a taron maza, na mata da na matasa kafin hatsi ya fara ido. Mutumin da ke cikin wannan jirgi yana sa ransa a haɗari ne domin rumbunmu ya cika. Mafi ƙarancin abin da za mu yi masa shi ne mu bar masa fili ya sauka, mu kuma san yadda za mu ɗauke shi ba tare da mun ƙara yawan masu jinya ba.